Bayani Kan Ciwon Sukari, Da Alamunsa, Da Maganar Gadonsa

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da almajiransu, da fatake da masu zaman rumfa, game da wata cuta wadda sunanta ya yawaita a bakin jama'a, watau ciwon sukari. A yanzu da wuya a zauna a zauren ta'aziyya ko a majalisar kasuwa har a tashi ba a ambace ta ba. Wannan ya ce ita ta ci ƙafar wansa, wancan ya ce ita ta rufe idon mahaifiyarsa. Mai sauraro kuwa, in akwai ta a gidansu, sai ya koma da nauyin zuciya, yana ta ƙirga abin da yake ji a jikinsa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara arba'in da 'yan kai, mai rumfar atamfa. Mahaifinsa ya yi jinyar sukari shekaru da yawa, har aka yanke masa yatsun ƙafa kafin ya rasu. Yanzu shi kuma ya lura yana tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, alwalarsa ta Azahar ba ta kai shi La'asar, ruwan sha kuma ba ya rabuwa da gefensa. Ya san hanyar asibiti sarai, amma ƙafarsa ta ƙi zuwa, gama yana tsoron abin da za a faɗa masa. Yana cewa a ransa, "In dai gado ne, me awo zai ƙara mini?" Masu irin wannan tunani suna da yawa, a kasuwa da makaranta duka. Amsarsu a taƙaice ita ce, maganar gado gaskiya ce, amma abin da ake gada sauƙin kamuwa ne, kuma tsakanin sauƙin kamuwa da kwanciya jinya akwai tafiya mai nisa wadda mutum yake da abin yi a cikinta. Sauran bayani zai nuna dalilin wannan magana.

Daɗewar cutar

Kada a zaci cutar baƙuwa ce wadda ta zo tare da sukarin kwali. Likitocin ƙasar Hindu na zamanin da sun san ta, har suka sa mata suna mai ma'anar fitsarin zuma, don sun ga kiyashi yana taruwa inda mai ita ya yi fitsari. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037 ta Miladiyya, ya siffanta ta cikin babban littafinsa na ilmin likita, Alƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin, da yawan ci, da ruɓewar gaɓa. Abdullaɗif Albagdadi, wanda ya rasu a 1231, ya keɓe mata risala guda. Amma galibin likitocin da sun ɗora laifin a kan ƙoda, saboda ta wajen fitsari suke ganin cutar.

A 1776 wani likita a Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafar da fitsarin mai ciwon, ya sami abin da ya rage kamar sukari, ya kuma lura jinin ma yana da zaƙi. A 1889 likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa doguwa mai laushi da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, nan da nan karen ya kamu da ciwon sukari. Da haka aka gane inda tushen yake. A 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Banting da Best suka tatso daga wannan gaɓa ruwan da ake kira insulin. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa yana bakin mutuwa, ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Kafin wannan lokaci yaron da ya kamu da irin ciwonsa ba ya daɗewa.

Yadda take aiki a jiki

Duk abinci mai gari, tuwo ne ko shinkafa, burodi ko rogo ko dankali, idan ya narke a ciki sukari yake zama, ya shiga jini, jini ya kai shi ga tsoka da sauran gaɓoɓi su yi aiki da shi. Saboda haka babu mai rai da ba shi da sukari a jininsa. Amma sukarin ba ya shiga tsoka sai da insulin, wanda yake kamar dillali tsakanin mai kaya da mai saye. In dillali ya ɓace, ko kuwa yana nan amma masu rumfa sun daina jin maganarsa, sai kaya su taru jibge a tsakar kasuwa, babu ciniki. Haka sukari ke taruwa cikin jini, tsoka kuwa tana fama da yunwa.

Daga nan alamomin ke fitowa, ɗaya tana jan ɗaya. Ƙoda kamar rariya take, tana tace jini tana mayar da sukari cikinsa. Idan ya yi mata yawa sai ya tsallake zuwa fitsari, ya ja ruwa tare da shi, shi ne yawan fitsari. Ruwan da ya fita shi ke kawo ƙishirwa da bushewar baki. Tsokar da ba ta sami abincinta ba ita ke kawo kasala da yunwa. Jiki kuma, da ya rasa abin ci daga waje, sai ya koma cin kitsensa da namansa, kamar ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa ya shiga cin uwar kuɗi. Shi ya sa mutum ke ci da yawa yana ramewa.

Akwai waɗansu alamomi kuma waɗanda ba kasafai ake danganta su da sukari ba. Gani yakan yi hazo-hazo, har malami ya riƙa nisanta littafi yana kusanto da shi. Maruru yakan yi ta fitowa, ɗan rauni ya ƙi warkewa. Akan sami ƙaiƙayi a al'aura, musamman ga mata, da raunin mazakuta ga maza. Tafin ƙafa yakan yi zugi da dare, ko a ji kamar ana tsikara shi da allura, ko ya daina jin taɓi gaba ɗaya.

Tambihi biyu a nan. Na farko, waɗannan alamomi ba su yanke hukunci. Yawan fitsari yakan zo daga sanyin hunturu, ko yawan shan shayi, ko ciwon mafitsara, ko kumburin da ke tare hanyar fitsari ga dattawa maza, ko waɗansu magungunan hawan jini. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, rashin alama ba shedar lafiya ba ne. Mutum yakan shekara da shekaru sukarinsa yana sama, yana ɓata ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda a ɓoye, shi kuwa bai ji kome ba. Gwajin kiyashi da ake yi a bayan gida ma ba abin dogaro ba ne, gama sukari ba ya sauka cikin fitsari sai ya riga ya hau ƙwarai a jini. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da cutar a duniya, miliyan 24 daga ciki a Afirka ta kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan na Afirka ba su san suna da ita ba.

Iri-irinta

Cutar ba iri ɗaya ba ce, kuma maganar gado ba ta fahimtuwa sai an rarrabe.

Iri na farko shi ne wanda sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta, suke kuskure su hallaka wurin da ke yin insulin, har ya ƙare. Ya fi kama yara da samari, kuma yana zuwa da sauri, cikin 'yan makonni. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba kuma laifin iyaye ba ne. Mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin kullum. Wannan wuri ya shafi malaman tsangaya ƙwarai, tun da su ne iyayen yaran da ke hannunsu. Idan almajiri wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yinsa, yana ta shan ruwa, yana ramewa a kan ido, to ba bulala yake bukata ba. In kuwa ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, yana gyangyaɗi ba dalili, a kai shi asibiti a wannan yini, kada a jira gobe, gama irin wannan hali yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Iri na biyu shi ne na fiye da mutum tara cikin goma na masu ciwon. A nan insulin yana nan, amma jiki ya daina jin maganarsa sosai, wurin da ke yin sa kuma ya yi ta ƙoƙari har ya gaji. Yana zuwa a hankali, galibi bayan mutum ya manyanta, ko da yake yanzu ana ganinsa ga matasa ma.

Iri na uku shi ne wanda ke tasowa ga mace mai ciki. Sau da yawa yana tafiya bayan haihuwa, amma yana barin gargaɗi, don matar da ta yi shi ta fi sauran mata kusa da kamuwa da iri na biyu daga baya. Akan auna shi tsakanin mako na 24 da na 28 na ciki. Matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin da ya wuce kilo 4 ya kamata a auna ta. Wannan yana cikin hakkin da ke kan maigida, ya bar iyalinsa su je awon ciki.

Maganar gado

Jama'a sun san sikila, sun san lissafinta a fili yake: idan miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayarta, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar, shi ya sa ake awon jini kafin aure. Gadon sukari iri na biyu ba haka yake ba. Masana sun sami ɗaruruwan wurare cikin ƙwayoyin halittar mutum waɗanda kowannensu ke ƙara ɗan nauyi kaɗan. Wani ɗa ya ɗauko da yawa, ɗan'uwansa ciki ɗaya ya ɗauko kaɗan. Saboda haka babu awon kafin aure da zai ce wannan gida zai haifi mai sukari, kuma babu dalilin ƙin ba mutum aure don mahaifinsa ya yi ciwon.

Ga abin da bincike ya nuna, galibinsa a ƙasashen Turai aka yi. Waɗanda ɗaya daga cikin iyayensu ke da iri na biyu, kamar huɗu cikin goma sukan kamu a tsawon rayuwarsu. In uwa da uba ne duka, kamar bakwai cikin goma. Ɗan kasuwa ya iya duba lissafi ta fuska biyu: huɗu cikin goma adadi ne mai nauyi, amma ma'anarsa kuma shida cikin goma ba su kamu ba. Iri na farko kuwa gadonsa ya fi rauni. Mafi yawan yaran da ke kamuwa da shi ba su da mai shi ko ɗaya a danginsu na kusa, har tagwaye masu kama ɗaya ma sau da yawa ɗaya yakan kamu ɗaya ya tsira.

Har wa yau, ba jini kaɗai ake gada ba, tukunya ma gado ce. 'Ya'yan gida ɗaya suna tashi da irin ci ɗaya, da irin zama ɗaya, da irin sana'a ɗaya. Na jini ba shi canjuwa, amma na tukunya yana hannun mutum.

Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko zaman aure. Zargin abokin kasuwa ko kishiya da sammu kuma ba ya sauke sukarin kowa, sai dai ya ɓata zumunci ya ci lokacin da ya kamata a yi magani.

Abin da ke tayar da gadon

Kakannin 'yan kasuwar yau suna ɗauke da jinin da jikokinsu ke ɗauke da shi. Amma falken da, wanda ke bin ayari daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni yake yi a ƙasa bayan jakuna, daga zango zuwa zango, guzurinsa fura da ƙuli-ƙuli. Malamin da ma yana noma gonarsa da damina, yana yawon neman ilmi da rani. Jikansu na yau yana fita daga gida a mota ko a babur, ya zauna a rumfa ko a kan buzu daga hantsi zuwa Magariba. Ya karya da burodi da shayi mai kauri, da rana a kawo shinkafa ko taliya, baƙo ya zo a buɗe lemon kwalba, da dare tuwon shinkafa malmala biyu, sannan barci. Iri dai ɗaya ne, ƙasar da aka shuka shi ce ta sake.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin iri na biyu su ne ƙiba, musamman tumbi, da rashin motsa jiki, da yawan shekaru, da shan taba, da yawan shan abin sha mai zaƙi. Kwalbar lemo ɗaya ta yau da kullum tana ɗauke da kamar ƙaramin cokali tara na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2015 ta ba da shawarar kada abin da babba ke sha na sukari a yini ya wuce kamar cokali goma sha biyu, in ya tsaya a shida ya fi. Waɗansu ƙwayoyi kuma da ake sha don a yi ƙiba, ko don ciwon gaɓɓai ba da umarnin likita ba, irin su dekzametason, suna tayar da sukari ƙwarai. Hawan jini ma abokin tafiyar sukari ne, inda aka ga ɗaya a nemi ɗayan.

A ƙasar Hausa tumbi yakan zama alamar wadata, har a yi wa mai shi kirari. Amma kitsen ciki shi ne wanda ya fi hana insulin aiki. Ga awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar ko kwabo: mutum ya sami igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbin ya wuce ƙa'ida. Duk da haka siririn mutum kada ya ce ya kuɓuta, gama cutar tana kama sirara ma, musamman masu gado.

To, ko rage waɗannan abubuwa yana da amfani ga wanda ya riga ya gada? An gwada wannan. A Amurka an tara mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba, aka kasa su kashi-kashi. Kashi ɗaya aka sa su rage kamar kilo 7 cikin kowane 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri rabin sa'a, kwana biyar a mako. Da aka fitar da sakamako a 2002, kamuwa a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 bisa ga waɗanda ba a sa su wannan ba. Wani bincike a ƙasar Finlan a 2001 ya sami adadi irin wannan. Da aka duba jinin mutanen Amurkan daga baya, aka ga masu ɗauke da ƙwayar gadon ma sun amfana. Mai kilo 80 ke nan abin da ake nema gare shi bai kai kilo 6 ba. Wanda ya sauka daga abin hawa tun kafin ƙofar kasuwa, ya tafi masallaci a ƙasa, ya mayar da malmala biyu ɗaya ya ƙara miyar ganye da wake, ya ba dawa da gero da acha wuri maimakon farar shinkafa kullum, ya mayar da lemo ruwa, to ya kama hanya.

Awo

Abin da ke raba zato da yaƙini ɗigon jini ɗaya ne daga kan yatsa. Ana yin sa a asibitocin gari da ɗakunan awo da manyan kantunan magani, kuma ba ya cin minti biyar. Mutum ya kwana bai ci kome ba aƙalla sa'a takwas, ruwa kaɗai, sannan a auna da safe. Na'urorin awo suna ba da lissafi iri biyu, na manyan lambobi da na ƙanana, in an raba babbar lamba da 18 sai a sami ƙaramar. Abin da ya kasa 100, watau 5.6, lafiya ne. Daga 100 zuwa 125 bakin iyaka ne, wurin da komawa baya ke da sauƙi. Daga 126, watau 7.0, zuwa sama, in an maimaita a ɗakin awo wata rana an sami haka, ciwon sukari ne. Wanda ke da alamomi kuma aka auna shi ko wane lokaci aka sami 200 ko fiye, shi ma haka.

Akwai wani awo kuma mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yana da amfani, amma yakan yi kuskure ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, saboda haka a gaya wa likita in akwai ɗayansu.

Ƙungiyar likitocin sukari ta Amurka tun 2022 ta ce kowa ya fara awo daga shekara 35, in lafiya ne ya maimaita bayan shekara uku. Mai ƙiba wanda ke da gado ko hawan jini ya fara tun kafin nan, wanda ke bakin iyaka kuwa ya auna kowace shekara. Mai alamomi ba shi da abin jira.

Wanda aka same shi da ita

Labarun da ake ji a zaure na yanke ƙafa da makanta da wankin ƙoda gaskiya ne, amma yawancinsu labarun waɗanda suka daɗe da cutar ne ba a sani ba, ko aka sani ba a riƙe magani ba. Wanda ya riƙe maganinsa, ya kula da cinsa da hawan jininsa, ya kai idonsa da ƙodarsa awo sau ɗaya a shekara, yana iya tsufa cikin sana'arsa. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin wannan fanni. Allurar insulin ba alamar ƙarshe ba ce, abin da jiki ya rasa ne ake mayar masa. Mai tallar magani da lasifika wanda ke cewa kwalba ɗaya tana tumɓuke sukari har abada, a tambaye shi ko ya yarda a auna jini kafin sha da bayan sha. Zuma da dabino kuma, duk da darajarsu, suna tayar da sukarin jini, mai ciwo ya ƙididdige su cikin abin da yake ci.

Ƙafa ita ce wurin da ya fi bukatar ido. Idan ta daina ji, ƙusa takan shiga mutum bai sani ba, ko ya ƙone wajen jin ɗumi a bakin wuta da hunturu, ko zafin ƙasa ya toya masa tafi da bazara. Mai alwala sau biyar yana da damar duba ƙafarsa sau biyar. Ya duba tafi da tsakanin yatsu, ya tsane ruwan, ya shafa mai a faso, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada ya bar mai yankan farce na kasuwa ya yi masa zurfi. Rauni kome ƙanƙantarsa ya nuna wa likita da wuri.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan mas'alar a Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon kashi-kashi bisa bayanin likitoci, daga waɗanda azumi ke da haɗari mai tsanani gare su har zuwa waɗanda za su iya yi. Abin da ya kamata shi ne mai ciwo ya ga likitansa tun kafin watan ya kama, a gyara masa lokutan magani. Jagororin likitoci sun ce wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 yana azumi ya sha ruwa. Alamar saukar sukari ita ce rawar jiki da gumi da jiri da ruɗewa, maganinta na take kuwa abu mai zaƙi ne, in mutum yana iya haɗiya. Malamin da aka tambaya fatawa kan wannan zai kyauta in ya fara tambayar abin da likita ya ce.

Komawa ga mai rumfar atamfa

Mutumin nan da aka fara da shi, in ya daure ya miƙa yatsansa, ɗayan abu uku zai ji. Ko a ce lafiya lau, a nemi dalilin fitsarin a wani wuri, ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su a zuci. Ko a ce yana bakin iyaka, ya sami gargaɗi tun da sauran lokaci. Ko a ce ciwon ne, ya fara magani tun idonsa da ƙodarsa da ƙafarsa suna nan lafiya, abin da wataƙila mahaifinsa bai samu ba. Cikin ukun nan babu wanda ya fi zaman rashin sani muni. Ɗan kasuwar da ke zargin jarinsa yana raguwa ba ya ƙin buɗe littafin lissafi don tsoron abin da zai gani, gama ya san ɓarna ba ta tsayawa don an kau da kai. In kuwa an same shi da ita, to ya gaya wa 'yan'uwansa na ciki ɗaya da manyan 'ya'yansa su ma su je awo, kada kunya ta sa ya ɓoye, domin labarin jininsa nasu ne su ma.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita kiyayewa, amin. Haza wasalam.